Motar da Ba Ta Ɗaukar Rago

A shekara ta goma sha ɗaya da fara aikina na allurar dabbobi, gwiwata ta dama ta soma ƙin moto, wato babur. Tun da na fito makaranta aikina ke nan: in ɗaure akwatin sanyi na allurai a bayan moto, in bi rugage da mashayar shanu daga Bangi zuwa Karofane, wani lokaci har cikin duwatsun Buza. Yashi ya kayar da ni ba sau ɗaya ba, salansa ta ƙona mini ƙwauri, kuma na taɓa tura moto mai faci tun hantsi har azahar, ina da ciki wata biyar. Maigidana malamin lakwal ne, makarantar boko, a Madawa. Duk gari Mushe ake ce masa, kamar yadda ake kiran malaman boko, ni kuwa Malam nake kiransa. 'Ya'yanmu uku. Lakwal ɗinsa tana bayan gidanmu, in ya ga dama da ƙafa yake zuwa.

Da muka yanke shawarar sayen mota, ni na fara faɗin irin wadda nake so, don ni ce mai bin hanya. Na ce bashe, wadda mutanen kudu ke kira a-kori-kura, amma mai gida biyu: mu da yara a ciki, kaya a buɗaɗɗen baya. Na lissafa masa abin da bayan nan zai ɗauka. Akwatin allurai, dutsen lasa na shanu, harawa, takin da muke kaiwa gonarmu, da hatsin da Inna, mahaifiyata, take ware mana kowace kaka a ƙauyenmu na ƙasar Keita, wanda sai ya yi wata biyu yana jiran motar kasuwa. Na ce dole ta zama katkat ta gaske, mai ja da ƙafa huɗu, domin tsakanin jar hanya da ƙofar gidan Inna akwai ƙorama mai yashi da hawan dutse. Malam ya saurara yana gyaɗa kai. Bai yi musu ba ko sau ɗaya. Na sayar da bijimaina biyu da na yi shekaru ina kiwo wurin wani Bafulatani, na haɗa da abin da ya tara, muka ba yayansa, wanda sana'arsa ke nan ɗauko motoci daga Kwatano. Ni da bakina na gaya wa Yaya a waya irin motar, har na maimaita. Ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar da motar ta iso ina tsakar gida ina wanke sirinji. Na ji ƙarar odar mota a ƙofar gida, yara suka fita da gudu, na bi su hannuna da kumfa. Abin da na tarar wata mota ce ruwan toka, mai sheƙi, mai ɗan tudu a gaba kamar katkat, rufaffiya har baya. Irin motocin nan ne na iyali da ake gani a Yamai a ƙofar manyan kantuna. Maƙwabta sun taru suna sa albarka, wata ta rangaɗa guɗa. Yaya yana tsaye da makulli a hannu yana nuna wa mutane yadda gilashin ke sauka da kansa. Na tattara zanena na durƙusa na leƙa ƙarƙashinta. Cikinta bai fi taƙi ɗaya da ƙasa ba, kuma babu sandar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya. Na yi shekaru ina shiga motocin aiki, na san abin da nake nema. Da ƙafar gaba kaɗai take ja.

Na miƙe na tambayi Yaya ina bashen da muka yi magana. Ya yi dariya, ya juya wajen mutane don su taya shi.

“Haba Madam. Matar Mushe guda, ma'aikaciyar gwamnati, ta shiga motar 'yan albasa? Wagga ita ta dace da ku. Ki shiga ki ji sanyi tukuna.”

Na dubi Malam. Yana goge madubin gefe da hannun rigarsa, bai ɗago ba. A lokacin na ɗauka kunyar yayansa ce ta hana shi magana, cewa Yaya ne ya yi gaban kansa kamar yadda ya saba. Na haɗiye abin da ke bakina saboda mutane. Da muka keɓe, Malam ya ce abin da ya faru ya riga ya faru, ba a mayar da mota Kwatano kamar atamfa, kuma kowa ya san idon Yaya a kan mota. Na ce masa idon Yaya bai taɓa ganin hanyar ƙauyenmu ba. Ya ce in yi haƙuri.

Daga nan dokoki suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. An ɗinka mata riga ta tamfol. Ba a cin ƙosai a ciki. Ba a shiga da takalmi mai laka. Akwatin alluraina yana da kusurwar ƙarfe, zai yaga kujera, don haka ba zai shiga ba. Dutsen lasa yana zubar da gishiri, gishiri yana cin ƙarfe. Ni na riga shi samun permi na tuƙi da shekara huɗu, amma makullin a aljihunsa yake kwana. Kowace safiya sai in tura motona in wuce ta gefen motar da bijimaina ke ciki, tana lulluɓe a inuwar itacen bedi, in kama hanyar daji da gwiwa mai ciwo.

Ba zan yi mata ƙarya ba, tana da daɗin shiga. Da bazara, lokacin da zafi ke hana mutum tunani, mun je Tawa biki, yara suka yi barci a baya cikin sanyi, muka sauka kayanmu fes kamar ba mu yi tafiya ba. Na ji daɗin tafiyar nan, kuma jin daɗin ya ƙara mini haushi, don na san Malam yana kallona ta gefen ido yana jiran in yaba. Ban yaba ba.

Bayan kaka aka aiko mana cewa idon Inna ya ƙara rufewa. Yanar ido ce ta rufe na hagu gaba ɗaya, na dama ma inuwa kawai take gani. Na samo mata rana a gidan likita, muka shirya mu ɗauko ta ran Asabar, ta zauna wurinmu har a yi aikin ta warke. Inna ita kaɗai ce a gida tun rasuwar Baba, sai matar ƙanena da ke kai mata abinci, shi kuwa ƙanen nawa yana ci-rani. Inna tana cikin matan da suka yi aikin raya ƙasa na Keita tun ina goye. Shekara da shekaru ta ɗauki duwatsu a ka, suna jera su a kan fako don tare ruwa, kuma itatuwan da ke tsaye yau a bayan ƙauyenmu da hannunsu aka dasa. Wuyanta bai sake miƙewa daidai ba tun lokacin.

Muka tashi da sassafe, ni da Malam. Jar hanya ta Buza ta karɓe mu lafiya, sai dai yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Da muka bar babbar hanya muka iso bakin ƙorama, ya tsaya ya fita ya dubi yashin, ya dawo ya kashe mota. Ya ce ba za ta haye ba, kuma ko ta haye, duwatsun can gaba za su fasa mata ciki. Gaskiya ya faɗa, ni ma na sani tun ranar da na leƙa ƙarƙashinta. Na taka da ƙafa zuwa ƙauyen, tafiyar kusan awa guda, na samo amalanken jaki.

Na tarar Inna ta shirya tun asuba. Ta ɗaure tufafinta a zane, ta sa an fito da dammunan gero huɗu, da rabin buhun wake, da ƙullin kuka da kuɓewa busassa. Sai kuma ragonta, fari mai baƙin kunne, wanda take kiwo don Layya. Tun yana ɗan ƙarami take ba shi dusa da hannunta, da laluben kwano take gane ko ya ci. Ta ce ba za ta bar shi ba, matar ƙanena tana da goyo da aikin gona, za a manta da shi ya rame. Muka loda komai a amalanke, na zaunar da ita a kan dammunan, ragon yana biye a ɗaure, muka gangaro.

Malam ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda suruki ke yi, kansa a ƙasa, ya tambayi jiki, ya tambayi gida. Sannan ya yafito ni bayan mota. Ya rage murya ya ce gero a dami ba zai shiga ba, ƙaiƙayi zai cika kujeru. Wake zai iya shiga. Rago kuwa ko kusa. Na ce a kwantar da kujerun baya a shimfiɗa tabarma, in riƙe shi da kaina. Ya ce fitsarin rago in ya shiga soso ba ya fita har abada. Ya ce ranar Litinin akwai motar kasuwa, a sa kayan da ragon a ciki, Inna ta bi mu yanzu. Sai ya ƙara da cewa in je in gaya mata, shi ba zai iya ba, da kunya.

Wannan ita ce maganar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kunya ta hana shi faɗa, amma ba ta hana shi hanawa ba. Ni ya ɗora wa. Kuma na je. Na tsuguna gaban uwata a bakin ƙorama na gaya mata cewa motarmu ba ta ɗaukar rago.

Inna ta miƙa hannu ta shafa ƙofar motar, ta shafa gilashin, ta ce lalle mota ta yi kyau, Allah ya sa albarka, Allah ya tsare. Sannan ta ce:

“Ku tahi abinku, ɗiyata. Ni da shi mu taho ran Litinin. Ba ni barin shi, kuma ba ni ɓata ma mutane kaya.”

Na roƙe ta, na ce zan biya wani ya kula da ragon. Ta ƙi. Wanda ya san Inna ya san in ta ce a'a da murya mai sanyi, an gama. Ta sa mai amalanke ya juya jakinsa. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in hau amalanken nan in koma da ita, mu taho tare ran Litinin. Amma washegari da asuba ake fara allurar shanu a wajen Bangi, ni ce mai riƙe da allurai, makiyaya sun riga sun tara garkuna. Na tsaya ina kallon bayanta har suka haye yashin, na buɗe ƙofa na shiga cikin sanyi. Rabin buhun wake kaɗai muka ɗauko. Kujeru uku a bayanmu babu kowa.

Bayan mun wuce Buza na ce masa duk wannan aikin yayansa ne, kuma da ya buɗe baki ranar da aka kawo motar da ba mu ga wannan rana ba. Na faɗi maganganu a kan Yaya waɗanda ba a faɗa wa mutum a kan ɗan'uwansa. Ina tsammanin shi ya sa ya kasa daurewa. Ya gangara gefen hanya ya tsaya, hannunsa biyu a kan sitiyari.

“Ki bar zagin Yaya. Ni na kira shi bayan kin gama magana da shi. Ni na ce ya sake.”

Na tambaye shi dalili. Ya ce shi ya tashi a gidan kawunsa mai bashe, ya ga abin da bashe ke jawowa. Ba a yi gawa a unguwa ba sai an buga ƙofar kawu, ba a kai kayan amarya ba sai da motarsa, mai albasa, mai siminti, mai majinyaci, kowa da uzurinsa, kuma ba mai zuba mai. In ya hana a ce ya yi arziki ya manta mutane. A shekara uku motar ta zama gawa, kawu ya fita da baƙin jini wurin waɗanda ya hana da waɗanda ya ba. Malam ya ce da mun sayi bashe, da ƙauyenmu gaba ɗaya ya tare a ƙofar gidansa, da Fulanin da nake yi wa aiki, kowa da maraƙinsa.

“Na zaɓi wadda in an dube ta ba a roƙo,” in ji shi. “Don zaman lafiyarmu na yi.”

Na ce masa ashe ba Yaya ne bai san hanyar ƙauyenmu ba, shi ne ya san ta sarai, ya nemo motar da ba za ta bi ta ba. Na ce wata bakwai yana kallona ina tura moto, ya bar ni ina jin haushin wanda bai yi mini laifi ba. Na ce mutanen da yake gudu su suka yi kiwon bijiman da ke cikin wannan kujerar da yake tsoron ta yi wari. Ya tada mota.

Ran Litinin da la'asar na je tasha. Motar kasuwar ta shigo a karkace saboda lodi, mutane a saman buhuna. Can sama na hango Inna, ta lulluɓe kanta da zane saboda rana, hannunta ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗayan riƙe da igiyar ragon da aka cusa tsakanin buhuna. Tun hantsi suke hanya, taya ta fashe musu sau biyu. Maza biyu suka sauko da ita kamar kaya. Ƙafafunta sun kumbura, leɓenta ya bushe, amma abin da ta fara tambaya shi ne a ba ragon ruwa. Da muka isa gida ta gaisa da Malam da fara'a, ta sake sa wa motar albarka da ta laluba ta ji ta a ƙarƙashin tamfol. Na so ta yi fushi ko kaɗan, ko don in samu abokin fushi. Ba ta yi ba. Ni kaɗai na riƙa yawo da nawa a cikin gida, ina ajiye kwano da ƙarfi.

Aka yi aikin ido, aka dace. Ranar da aka cire bandeji ta dubi jikokinta ɗaya bayan ɗaya ta ce ashe haka suka girma. Ta yi mako biyar wurinmu, ragon yana ɗaure a gindin bedi kusa da motar. Sai ta fara maganar gida, ta ce rumbunta, ta ce kajinta. Malam ya ce za a sa ta a motar kasuwa ta samu gidan gaba, shi zai yi magana da direban.

Ban yi gardama ba. Ran Laraba, bayan ya tafi lakwal, na shiga ɗaki na ɗauki makullin a aljihun rigar da ya cire. Na yaye tamfol, na kwantar da kujerun baya, na shimfiɗa tabarma da tsohon buhu. Na sa kayan Inna, na sa buhun dusa, na sa akwatin alluraina don akwai garken da zan duba a hanya. Ni da maƙwabciyata muka ɗaga ragon muka tura shi ciki yana turjewa. Inna ta tsaya tana kallo da sabon idonta, ta tambaye ni ko Malam ya sani. Na ce mata rabin motar nawa ne, kuma a rabina ragon zai zauna. Ta ce ba ta son abin da zai kawo mini magana a gidana. Na ce maganar ta riga ta zo, ta shiga kawai.

Kafin mu kai Buza ragon ya yi abin da Malam ya ce zai yi, har sau biyu. Na sauke gilashi. A bakin ƙorama na tsaya na rage iskar tayoyin gaba kamar yadda na ga direbobin aiki suna yi, na ja da baya, na shigo da gudu. Mun ci fiye da rabi kafin ta nutse. Tayoyin gaba suka riƙa tono, na baya suna tsaye ba abin da suke yi. Wasu makiyaya da ke shayar da shanu a rijiyoyin cikin ƙoramar suka gane ni, don na sha yi wa dabbobinsu allura. Suka taho su shida, suka tone yashin da hannu, suka shimfiɗa kara da rassan geza, suka tura har muka hau. Babbansu ya leƙa ya ga rago a kwance a bayan mota mai sanyi, ya ce wannan rago ya fi shi gata.

Hawan dutsen ne ya yi ɓarnar. Ina jin cikinta yana gurzar ƙasa, kowane ƙara sai in ji shi a haƙorina. Robar gaba ta tsage ta rataya, sai na ji wani abu ya faɗi a baya, motar ta ɗauki ruri kamar injin niƙa. Salansa ce. Na fita na ɗauko ta da tsumma don zafi, na sa ta kusa da ragon, muka ci gaba. Haka muka shiga ƙauye da ruri, mata suna fitowa daga gidaje. Na tsaya daidai ƙofar gidan Inna, ta sauka da ƙafarta, ta ja ragonta ta shiga. Kafin in juyo an cika mini bayan motar da dammunan gero na ƙanena da za a kai wa wani a Madawa, ban ce a'a ba.

Na iso gida bayan la'asar. Tun daga kan kwana Malam ya ji ƙarar, na same shi tsaye a ƙofa. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya buɗe baya, warin ya buge shi, ya rufe. Na miƙa masa makulli, na ce Inna ta sauka lafiya tana gaishe shi. Bai karɓi makullin ba, ya shige ciki. Mako uku ba ya yi mini magana sai abin da ya zama dole, ni ma ban neme shi ba.

A cikin makonnin nan Yaya ya zo, an kira shi ya yi mini faɗa. Ya zauna a kan kujera ya yi dogon bayani a kan darajar mota da darajar miji, da yadda mace mai ilimi ya kamata ta san bambancin motar gida da ta kasuwa. Na bar shi ya gama, don babba ne. Sannan na ba shi haƙuri a kan zargin da na yi masa a raina wata bakwai, na ce na gano umarni ya bi. Na ce tambaya ɗaya gare ni: da na gaya masa irin motar da nake so har sau biyu, da ƙanensa ya kira ya sake magana, me ya hana shi kira na ya ji ko na yarda, tunda ya san dukiyata na ciki? Ya ce ai magana tsakanin maza ta riga ta ƙare. Na ce to gyaran salansa ma sai ya ƙare tsakanin maza. Ya tashi bai sha ruwan da aka kawo masa ba.

Makaniki ya ɗaura salansa, ya ɗinke robar gaba da waya. Warin kuwa an wanke da omo, an turara, an bar ta a buɗe a rana, bai fita duka ba, da zafi sai ya taso. Malam ya daina lulluɓe ta. Makullin ya koma rataye a ƙusa a bakin ƙofa, ba wanda ya ce a rataye shi can, wata safiya kawai na gan shi. Yanzu ni nake fita da ita kwana uku a mako, inda hanya ta yarda. Inda ba ta yarda ba in ajiye ta a gindin itace in ƙarasa da ƙafa ko a bayan moton wani. Tana ɗaukar akwatin allurai da dutsen lasa da abin da ya samu, tana yi da ƙyar, kuma kusan kowane wata sai ta kwana a garaj, don ba don wannan aikin aka ƙera ta ba.

Abin da Malam ya ji tsoro ya zo, ban ɓoye ba. Tun da aka ga rago a ciki aka fara sallama a ƙofarmu. Na kai mai naƙuda gidan likita, na kai wani tsoho Tawa, na ɗauko gawar jaririn maƙwabta. Na kuma hana da yawa. Wanda ya zo da buhunan albasa na ce masa ba za ta iya ba, wanda ya zo don yawon biki na ce ba ni da lokaci, wasu sun ji haushi, wata ta daina gaishe ni wata biyu. Ban mutu ba. In an yi sallama Malam yakan dube ni da idon nan na “ai na faɗa”, ni kuwa in tashi in fita in ba da amsa da bakina, ko e ko a'a.

Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Ya ce abin da ya yi don iyalinsa ya yi, kuma har gobe yana ganin yara sun fi aminci a rufaffiyar mota. Wataƙila a kan yara yana da gaskiya. Amma ba a kan yara muka saɓa ba, kuma ya sani.

Yanzu ina da karsana uku a wurin Bafulatanin nan. Wani mai fataucin albasa a Madawa yana da tsohuwar bashe fara da yake son rabuwa da ita, gida ɗaya ce ba biyu ba, ƙofar hagu sai an ɗaga ta take rufuwa. Na je na gan ta sau biyu tare da makaniki. Ya ce injin ya gaji amma ƙafafunta huɗu duk suna ja, in an canja mata wasu abubuwa za ta yi shekaru. Da Malam ya ji labari ya ce in zan koma in gaya masa ya raka ni, ya san mutumin, zai iya sa baki a rage mini. Na ce masa na gode, amma wannan cinikin ni zan yi, kuma sunana za a rubuta a takardar.